Tambaya da Amsa: Ma'anonin kalmar Turanci "whack"

Tambaya: Malam, na ji kalmar "whack" a wani fim ɗin Amurka, na duba ƙamus ya ce duka ne, alhali a fim ɗin kashe mutumin aka yi. Daga baya kuma na ji wani Bature yana cewa kwamfutarsa tana "out of whack". Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙamus bai yaudare ka ba, tushen kalmar kawai ya ba ka. Tun ƙarni na 18 ake samun ta a rubuce, kuma ana ganin ƙarar duka aka kwaikwaya aka ƙirƙire ta. Duka ne mai ƙarfi, bugu ɗaya, galibi da sanda ko wani abu mai faɗi. In an ce "he whacked the donkey", to ya kwaɗa wa jaki sanda ke nan. Amma yadda "buga" tamu ta kai ga buga waya da buga littafi, haka ita ma ta yi rassa.

Abin da ka ji a fim yaren 'yan Mafiya ne na Amurka, wato gungun masu aikata manyan laifuka. A bakinsu, a yi "whack" ɗin mutum shi ne a kashe shi bisa umarnin ubangida. Ka yi hattara da wannan, domin ba kalmar wasa ba ce in an ambaci sunan mutum. "Out of whack" kuwa ba ruwanta da duka: abu ne ya rikice ya daina aiki daidai, ko na'ura, ko lissafin kuɗi, ko barcin wanda ya yi doguwar tafiya a jirgin sama.

Mutanen Ingila sun fi kowa juya ta. Wanda ya ce "I'm whacked" ya gaji tiƙis. Wanda ya biya "full whack" ya sayi kaya ba ragi, kuma wannan ya fito ne daga tsohuwar ma'anar kalmar ta kaso ko rabo. "Have a whack at it" kuma, kai ma gwada ka gani.

A Turancin buroka na Najeriya, "wack" cin abinci ne. In abokinka na Legas ya ce "make we wack", tuwo ya kira ka. Duk waɗannan dai maganar hira ce. A jarrabawar WAEC ko takardar neman aiki, rubuta "hit" ko "strike".