Jirgi mai mita 9 ko mai mita 12: fara ƙirga sakan tukuna

Malam, ka tambaya wanne ya fi daɗin tafiya a teku tsakanin jirgin iska mai mita 9 da mai mita 12, don kada iyalinka su sha jiri da amai. Na yi shekaru ina aiki a jiragen da ke kai masu nutso daga Port Sudan zuwa wuraren nutso na Sanganeb da Sha'ab Rumi a Bahar Maliya, bari in faɗa maka abin da ruwa ya koya mini.

Kowa tsayin raƙumin ruwa yake tambaya. Ni tazarar da ke tsakaninsu nake fara dubawa. Ka tsaya ka ƙirga sakan nawa ne daga wucewar wannan zuwa na bayansa. A ruwa mai zurfi, sai ka ninka adadin da kansa, ka sake ninkawa da 1.56, ka sami tazarar a mita. Sakan 3 kusan mita 14 ke nan, sakan 4 mita 25, sakan 10 kuwa mita 156.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan tazarar ta yi kusa da tsawon jirginka, ka shiga uku: goshinsa na gangarowa daga wannan raƙumi, na gaba ya tare shi, sai ka ji gwaf! kofunan shayi sun watse. Idan kuma tazarar ta ninka jirgin sau goma, ko ruwan ya kai mita 3 a tsaye, a hankali zai ɗaga ku ya sauke, har barci ake yi.

Bahar Maliya raƙuma masu gajeriyar tazara gare ta, masu tsini, ga iskar arewa kusan kullum. Wata rana da muka nufi arewa a jirgi mai mita 12, mun sha dukan da har yau ƙuguna bai manta ba. Matuƙinmu, wani dattijo da ba ya son yawan magana, ya karkatar da goshin jirgin kaɗan, ya rage ƙyallen da iska ke tura jirgin da shi, muka riƙa yankar ruwan a kaikaice. Tafiya ta ƙaru da awa guda, amma dukan ya ragu sosai, domin karkatar tana ƙara nisan da jirgi ke yi tsakanin raƙumi da raƙumi.

Da ni ne, mai mita 12 zan ɗauka in aljihu zai iya, saboda nauyinsa na sa motsinsa ya yi sanyi. Sai dai kuɗin ajiya a tasha da na gyara suna bin tsawo, kar ka ce ban faɗa maka ba. Kafin ka biya ko sisi, ka je bakin ruwan da za ka riƙa fita, ranar da iska ke kaɗawa sosai, da agogo a hannunka. Ka dawo mana da adadin sakan ɗin mu yi lissafin tare.