Majinyaci da tsayuwar Arfa

Malama, kin tambaya ko mahaifinki da ke kwance a asibitin Makka zai iya fansar tsayuwar Arfa da yanka. A'a, rukuni ce, wato Hajji ba ya yiwuwa sai da ita, kuma Annabi (SAW) ya ce Arfa ita ce Hajji. Shi ya sa ranar 9 ga Zulhajji ake kai majinyata filin a motar asibiti, wani ma da ƙarin ruwa a hannu. Ko a kwance yake, ya samu tsayuwar, don kasancewa a filin ake buƙata. A Malikiyya, wadda aka fi karantarwa a zaurukan birnin Zariya, sai ya riski wani yanki na dare a can kafin alfijir na ranar Sallah. Jifa kam, ana iya wakiltar sa. Allah ya ba Baba lafiya.