Shin ya cancanci a kashe kuɗi a je taron shekara na 'yan Rotary?

Ɗan'uwa, ka ce kullum kuna gaisawa ta intanet da abokanka na Rotary, ƙungiyar nan ta duniya mai ayyukan taimakon al'umma, to mene ne amfanin haɗuwar ido da ido sau ɗaya a shekara? Ni dai shawarata, in kana da hali ka je.

Ƙungiyoyin zumunci na Rotary, irin su ROTI ta masu haɗuwa ta intanet, sukan yi amfani da babban taron shekara na Rotary su haɗu. A 2023 an yi shi a Melbon ta Ostireliya, a 2024 a Singafo, a 2025 kuma a Kalgari ta Kanada. Akwai wani babban zaure na baje koli da zumunci, inda ƙungiyoyi ke kafa rumfunansu. Nan za ka ga mutumin da kuka shekara kuna musayar saƙo, ka iske ashe dattijo ne mai furfura, ku zauna ku ci abinci tare. Aikin haɗin gwiwa, kamar na rigakafin shan inna, ya fi saurin ƙulluwa bayan irin wannan zama.

Sai dai biza ce matsalar. Ka fara nema da wuri, watanni kafin lokacin, ka kuma yi rajista tun kuɗin bai ƙaru ba.