Amsa ga Kawu a kan bangaskiyarmu a Ingila

Kawu, ina gaishe ku da ladabi, tare da fatan kuna lafiya da dukan mutanen gida. Maganar da kuka yi mini a wurin jana'izar Inna ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma da yake ba ku kaɗai ke yin ta ba, na ga ya fi kyau in amsa a rubuce inda sauran 'yan'uwa za su gani. Kun ce mu da muka zauna a Ingila mun sami ƙasar da ba a ƙone majami'a, saboda haka bangaskiyarmu ba ta taɓa shan wuta ba, kuma kuna shakkar ko 'ya'yanmu za su iya amsa sunan Hausawa, balle na Masihiyawa.

Ban manta da abin da kuke sha ba. Ina ɗalibar jinya a Zariya a watan Maris na 1987, lokacin da rikicin da ya faro daga Kafanchan ya iso gare mu. Na ga hayaƙin majami'u da idona, na kuma ga Inna ta naɗe Littafi Mai Tsarki a cikin zane ta goya shi kamar jariri, har muka kwana biyu a ɗakin wani maƙwabcinmu Musulmi wanda ya ɓoye mu. Don haka ba zan gwada wahalarmu da taku ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne ku yarda cewa Magabcin nan, wato Shaiɗan, da ke bin ku a gida ya biyo mu har nan, sai dai ya sake salo.

Na iso Mancesta a 1992. Lahadin farko na shiga wata ƙatuwar majami'ar dutse wadda za ta ɗauki ɗaruruwan mutane, na ƙirga waɗanda suka zo sujada ba su kai ashirin ba, kusan dukansu masu furfura. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa masu kiran kansu Kirista a Ingila da Wales sun sauko zuwa kashi 46 cikin ɗari, daga kashi 59 a 2011, kuma majami'u da dama an sayar da su an mai da su gidajen kwana. A nan ba mai zare maka takobi, amma idan ka ce ka yi addu'a a kan wata matsala, sai abokin aiki ya dube ka da tausayi kamar marar lafiya. Akwai daren da wata tsohuwa da ke bakin mutuwa ta riƙe hannuna ta ce in karanta mata Zabura ta 23, na karanta, washegari shugabar sashenmu ta kira ni ofis ta ja mini kunne. Na fito ban ce komai ba, amma na yi kuka a cikin mota.

Gwaji mafi tsanani ya zo ne bayan rasuwar maigidana a 2009. A lokacin hunturu duhu yana rufewa kafin ƙarfe huɗu na yamma, ina aikin dare, yara suna makaranta, gida shiru babu mai sallama. A cikin wannan shirun ne wata murya ta riƙa ce mini babu mai ji, babu amfanin durƙusawa, in bar abin haka nan tunda ba wanda zai tambaye ni. Na yi wata uku ban buɗe Littafi ba. A nan na gane abin da Manzo Bulus ya faɗa wa Afisawa a sura ta 6, cewa famarmu ba da 'yan adam ba ce. A Zariya na san inda haɗari yake, ina iya gudu gidan maƙwabci, a nan kuwa yana cikin ɗakina tare da ni.

Waɗanda suka tsamo ni su ne mutanen da kuke shakkar hausancinsu. Muna da zumunta ta wajen gida goma sha biyu, daga Zariya, Kano, Gombe, Jos, har da wani iyali daga Maraɗi, muna taruwa Asabar ɗaya a kowane wata mu yi sujada da Hausa tsantsa. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace ta zo ta zauna da ni bayan ta tashi daga aiki, wata ma ba ta cewa komai sai ta kama rera waƙa a hankali har in bi ta. Mu a nan baƙi ne ta fuska biyu, domin 'yan'uwanmu Kiristocin kudu sukan tambaye ni yaushe na tuba, Hausawa Musulmi kuma sukan yi mamaki in sun ji sunana, ko da yake muna zuwa sunan 'ya'yansu, suna zuwa namu. Nakan gaya musu cewa Littafi Mai Tsarki yana hannunmu da Hausa tun 1932, majami'ar Wusasa kuma tun 1929 take tsaye.

Sai maganar auren 'yata Lami, wadda na san ita ce ainihin abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Na ji an ce a gida ta ɓata don ta auri Bature. Ba a kan titi ya ɗauke ta ba. Iyayensa sun zo neman aure da goro, dattawan zumuntarmu suka karɓe su, kuma ku muka fara nema a waya don ku bayar da ita, kuka ƙi ɗauka. Wannan ya yi mini zafi har yau. Yaron mai bi ne, yana koyar da yara a makarantar Lahadi, yana durƙusawa ya gaishe ni, kuma shi ya yi ta jigilata zuwa asibiti lokacin da aka yi mini aikin gwiwa. Ba zan ɓoye muku cewa Hausar jikokina tana da rauni ba, abin yana damuna, kuma rabin laifin nawa ne da na bar aiki ya cinye lokacin hira da su. Duk da haka babbar tana faɗin Addu'ar Ubangiji da Hausa daga farko har ƙarshe.

Ku ne kuka ba ni labarin Kaka, yadda aka haife ta cikin zuriyar Isawa, masu girmama Annabi Isa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, da yadda cutar barci ta cinye iyayenta a ƙauyen Gimi, da yadda dangi suka ce mata ta fita daga Hausawa ranar da aka yi mata baftisma. Kalmar da aka jefe ta da ita ce yanzu ake jefa wa jikokin jikokinta, kuma daga bakin danginta take fitowa.

Ƙaramar jikata, wadda aka sa wa sunan Inna, za a yi mata baftisma a Ista mai zuwa. Lami tana so ta kira ku ranar, ku sa wa yarinyar albarka ko da ta waya ce. Ina roƙon ku, Kawu, ku ɗauka.