Amsar tambaya: ko jama'a na gamsuwa da hujjar shugaba ta ci gaba da yaƙin ƙetare

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko jama'ar ƙasa kan gamsu idan shugabansu ya fito ya ba su hujjar ci gaba da yaƙin da sojojinsu ke yi a wata ƙasa, ka kawo misalin shugabannin Amurka da yaƙin Afghanistan, sannan ka ƙara da cewa ko ra'ayin nasu yana hana wani abu. Ni ba soja ba ne, malamin makaranta ne da ya ajiye aiki a nan Kano, amma na daɗe ina bin irin waɗannan jawabai ta rediyo, kuma na yi maƙwabtaka da iyalin da yaƙin ƙetare ya shiga gidansu. Abin da na lura da shi shi ne, mutane kan auna hujjar shugaba da kusancinsu da asarar da za a yi, kuma wanda ɗansa ke fagen daga yana jin jawabin da kunnen da wanda ba shi da kowa a can ba ya da shi.

Ka fara duba yadda hujjar kanta take sauya riga. Lokacin da Amurka ta fara ruwan bama-bamai a Afghanistan ranar 7 ga Oktoban 2001, dalilin a fili yake: an kai mata hari ranar 11 ga Satumba, kuma 'yan Taliban sun ƙi miƙa Osama bin Laden. A majalisar wakilan ƙasar, mutum ɗaya tak, wata mace mai suna Barbara Lee, ta ƙi amincewa da ba shugaba George Bush izinin amfani da ƙarfin soja. Bayan shekara takwas, ranar 1 ga Disamban 2009, Barack Obama ya tsaya a makarantar horar da hafsoshi ta West Point ya ce zai ƙara dakaru 30,000, tare da alkawarin fara janye su a Yulin 2011, kuma kwana tara bayan haka ya tafi birnin Oslo ya karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. An kashe Osama a Pakistan a watan Mayun 2011, wato wanda aka fita nema an same shi, amma sai da yaƙin ya ƙara shekara goma. Donald Trump ma a Agustan 2017 ya faɗa da bakinsa cewa da farko janyewa ya so yi, sai dai ya ga fita da gaggawa zai bar wa 'yan ta'adda fili.

A ganina nan ne wurin da ya kamata mai sauraro ya buɗe kunne. Tun daga lokacin da shugaba ya daina maganar abin da ya kai su, ya koma maganar abin da zai faru idan suka fita da kuma jinin waɗanda suka riga suka mutu, to ya kama hujjar da ba ta da ranar ƙarewa, domin kowace gawa da aka dawo da ita ƙara mata ƙarfi take yi. Kamar mai haƙar rijiya ne da ya yi gaba ashirin bai ga ruwa ba, ya ce dole a ci gaba saboda kuɗin da aka riga aka kashe. A Disamban 2019 jaridar Washington Post ta wallafa takardun hirarrakin da aka yi da manyan jami'an Amurka, waɗanda suka nuna da yawansu sun san ba a samun nasarar da ake faɗa wa jama'a. Duk da haka sai ranar 30 ga Agustan 2021 sojan ƙarshe ya bar Kabul, mako biyu bayan 'yan Taliban sun koma birnin.

To me ya sa Amurkawa, waɗanda ƙuri'un jin ra'ayi suka daɗe suna nuna sun gaji, ba su tilasta a tsaya da wuri ba? A yaƙin Vietnam ana ɗaukar samari aikin soja dole, sojojin Amurka fiye da 58,000 suka mutu, zanga-zanga ta cika jami'o'i, har shugaba Lyndon Johnson ya sanar a Maris ɗin 1968 cewa ba zai sake tsayawa takara ba. An daina ɗaukar soja dole a 1973. Don haka sojoji wajen 2,400 da suka mutu a Afghanistan cikin shekara ashirin sun fito ne daga gidajen waɗanda suka shiga aikin da kansu, kuma da bashi aka riƙa biyan kuɗin yaƙin, ba a ɗora wa kowa sabon haraji dominsa ba. Mutum zai iya ce wa masu ƙuri'ar jin ra'ayi bai yarda da yaƙin ba, amma ranar zaɓe ya jefa ƙuri'arsa saboda aikin yi ko farashin mai. Inda rashin yardar ya shiga akwatin zaɓe ko zauren gwamnati kuwa, ya yi aiki: Sifaniya ta kwashe sojojinta daga Iraƙi a 2004 bayan José Luis Zapatero ya ci zaɓe da wannan alkawari, gwamnatin Holan kuma ta rushe a Fabrairun 2010 saboda saɓani kan tsawaita zaman sojojinta a Afghanistan.

Mu ma nan gida mun ɗanɗana. A Agustan 1990 Janar Ibrahim Babangida ya tura sojojinmu Laberiya, inda ake yaƙin basasa, ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), kuma da yake mulkin soja ake yi, babu majalisar da aka tambaya. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta, kofur ne, yake cikin waɗanda aka tura. Idan lokacin shirin dare na BBC ya yi, takan aiko babban ɗanta ya tsuguna a bakin soronmu, kusa da tabarmar da muke zama, da zarar an gama labarin Monrovia, babban birnin Laberiya, ya tashi da gudu ya kai mata. Mu muna ta gardama, wasu na cewa Najeriya ce babbar yaya a yankin don haka dole ta kashe wutar maƙwabta, wasu na cewa ƙasar da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya kwantar ba ta da rarar da za ta kai ƙetare. Ita kuwa, ta bakin matata, ba ta taɓa tambayar wane ne mai gaskiya tsakanin madugun 'yan tawaye Charles Taylor da shugaban ƙasar Samuel Doe ba. Tambayarta kullum ita ce yaushe za a yi musu canji. Da Janar Sani Abacha ya sa sojojinmu suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulkin Saliyo a Maris ɗin 1998, aka ce an je kare dimokuraɗiyya, na ji dariyar da aka yi a teburin mai shayi, tunda mai kare ta a can sanye yake da kaki a nan. Sai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 Obasanjo ya fara janye dakarun daga Saliyo sannu a hankali, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin.

Game da ɓangare na biyu na tambayarka, abin da na gani shi ne muryar jama'a ta fi ƙarfi kafin a harba harsashin farko. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ƙarƙashin shugaba Bola Tinubu ta ba sojojin Yamai wa'adin mako guda, ita ma da hujjar kare dimokuraɗiyya. Amma a nan asarar a bakin ƙofa take: jihohi bakwai na Arewa ne ke iyaka da Nijar, akwai auratayya, kuma duk ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ya san abokan cinikinsa na Maraɗi da Damagaram da sunayensu. An yi huɗubobi, an yi zanga-zanga a Kano, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu ranar 5 ga Agusta, Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je ya gana da Janar Tchiani, shugaban mulkin sojan Nijar, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ita ma ta je. Ba a yi yaƙin ba, ko da yake rufe iyaka da takunkumin da aka saka sun ci dukiyar 'yan kasuwa da yawa kafin Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren a Maris ɗin 2024.