Ɗana, ga amsarka a kan zuwa Cannes

Saƙonka ya iso, kuma kai ne na huɗu a watan nan. Ka ce ka ga taurari suna hawa jan kafet, in taimaka maka ka zo Cannes, nan Faransa, ko da wanke-wanke ne, daga nan ka kutsa harkar fim. To, buɗe kunnenka.

Bikin fina-finan da kake gani a waya, wanda aka fara tun 1946, kwana 12 ne kacal a watan Mayu. Matakala 24 ɗin nan ta Palais des Festivals, zauren bikin, ba a hawanta sai da katin gayyata. Shekarata 11 a garin nan, duk lokacin biki ina ƙarƙashin otel wajen wanki, ni da zanin gado da tururin guga, tun asuba har ƙafafuna su kumbura. Taurarin, rigunansu nake gani, su kam ban gansu ba.

Abin da ya fi ci mini rai ɗaki ne. Shekarata ta biyu, ina haya kusa da kasuwar Forville, ban taɓa jinkirta biya ba ko na kwana ɗaya. Ƙarshen Afrilu mai gidan ta ce in kwashe kayana, don baƙin biki za su ba ta a mako abin da nake ba ta a wata biyu. Ban san haƙƙina ba a lokacin, takarduna kuma ba su yi ƙwari ba, na fita ba gardama. Mako uku ina kwana a ƙasa a ɗakin wani Basenegale a unguwar La Bocca, jakata ce matashina. Allah ya saka masa. Har yau in na bi ta layin nan sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Mu ma'aikata can La Bocca da Ranguin muke, Croisette, titin manyan otel na bakin teku, wurin aiki ne kawai.

Kada ka kuskura ka bi ta Agadez da teku. Ko ka tsira ka isa Italiya, 'yan sandan Faransa na tsaye a Menton, bakin iyaka, suna sauke mutane daga jirgin ƙasa, su mayar da su Ventimiglia ta Italiya. Na ga yaranmu can suna kwana ƙarƙashin gada.

Hanya ɗaya na yarda da ita, karatu, ita ma ta yi tsauri tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai farkon 2024. Sai ka nuna kana da kuɗin ci da kanka kowane wata, a 2024 Yuro 615 ne, sama da sefa dubu 400 ke nan, kuma ɗalibi ba ya wuce awa 964 na aiki a shekara. In fim kake so da gaske, jami'ar Côte d'Azur tana da reshe a La Bocca, Georges Méliès, inda ake koyar da shi.

Ni dai alhamdu lillahi, yau ina da katin zama na shekara 10, mutum shida ke aiki a ƙarƙashina, kuma da gumina na rufa wa mahaifiyarka ɗaki a Damagaram. Ba wanda ya ɗauke ni ya kawo ni nan.

Turo mini sakamakon bak ɗinka in duba. Kuɗin mota zuwa Agadez kuwa, ko dala ba za ka gani daga hannuna ba. Ka gaida mini ita.