Tambaya da Amsa: Tsakanin Jami'ar Ahmadu Bello da Samaru, Wa Ya Riga Wani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, gardama ce ta sarƙe tsakanina da abokan zamana a kan Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu sun ce Sardauna ya tarar da daji ne ya sa aka share aka kafa ta, sannan garin Samaru ya biyo baya, wasu kuma sun ce Samaru ta girme ta. Ina neman ƙarin haske, tare da dalilin da ya sa aka kai ta Zariya aka bar Kaduna, wadda ita ce hedikwatar Jihar Arewa a lokacin. Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Waɗanda suka ce Samaru ta girmi jami'ar su ne suka fi kusa da gaskiya, ko da yake Samarun da ake gani yau, mai cunkoson shaguna da gidajen haya, jami'ar ce ta raine ta har ta kai haka.

Tun a shekarar 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, a gefen hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi garinku Funtuwa, domin inganta amfanin gonar Arewa, musamman auduga da gyaɗa waɗanda jirgin ƙasa yake kwasa zuwa bakin teku. Leburori da malaman gona da iyalansu suka zauna a kewayen tashar, kusa da tsofaffin ƙauyuka irin su Bomo, shekara arba'in cur kafin a buɗe jami'a. Wannan tasha ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta jami'ar, kuma duk manomin da ya taɓa riƙe buhun iri ya ga an rubuta SAMMAZ a kan na masara, ko SAMNUT a kan na gyaɗa, ko SAMCOT a kan na auduga, to ya sani haruffa ukun farkon nan daga sunan Samaru aka ciro su. Sau da yawa nakan ji takaicin yadda ake ambaton jami'ar da 'yan siyasar da ta yaye, a manta da wannan aiki, alhali shi ne ya shiga rumbun talaka.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin wannan tarihin. Lokacin da kwamitin Eric Ashby ya miƙa rahotonsa a 1960 yana ba da shawarar ƙara jami'o'i a Nijeriya, gwamnatin Sir Ahmadu Bello ba ta da lokaci ko dukiyar da za ta fara komai daga tushe, saboda haka ta duba inda aka riga aka tara gine-gine da malamai. Kaduna gari ne na ofisoshi da barikin soja, Zariya kuwa tana da Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya a Samaru, tana da makarantar koyon aikin mulki a Kongo inda ake horar da ma'aikatan En'e, ga tashar binciken dabbobi a Shika. Bugu da ƙari, kwalejin da aka fi sani da Barewa ta koma Zariya tun 1949, Kamfanin Gaskiya yana buga littattafai da jarida a can, ga kuma malaman zaure na cikin Birni waɗanda suka daɗe suna jawo almajirai daga nesa. Aka haɗa waɗannan cibiyoyi na Samaru da Kongo da Shika, aka ƙara da wata kwaleji a Kano wadda ta ɗauki sunan Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426 kacal. Wannan reshe na Kano shi ne ya zama Jami'ar Bayero a 1977.

Shugabanta na farko shi ne Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar Niyu Zilan, Sardauna kuma shi ne ubanta na farko, amma bai ga girmanta ba, domin an kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A wannan shekara Dokta Ishaya Audu, likitan yara, ya karɓi ragamar shugabanci daga Alexander ya riƙe har 1975, lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar. A ganina shi ne ya fi kowa aza mata harsashi, domin a zamaninsa aka buɗe makarantar share fage wadda ta buɗe wa 'ya'yan Arewa da yawa ƙofar shiga, ba tare da an rufe ta ga 'yan sauran sassan ƙasa ba. Ko kafin haka ma Samaru ta saba da baƙi, domin a kwalejin da jami'ar ta gada ne Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, wadda ta sauya fasalin zanen zamani a Nijeriya. Daga baya sashen tarihi, ƙarƙashin Abdullahi Smith da ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, ya shahara da sake nazarin tarihin ƙasar Hausa daga rubuce-rubucen malamanta. Akwai kuma ranakun baƙin ciki, kamar watan Mayun 1986, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a harabar jami'ar aka rasa rayukan ɗalibai.

Game da garin kuwa, titi ɗaya ne ya raba shi da jami'ar. Wanda ya tsaya a bakin babbar ƙofa da hantsi zai ga ɗalibai suna tsallakowa daga Samaru da Hayin Dogo, inda suke haya saboda ɗakunan kwana irin su Amina da Suleiman da Ribadu ba su isa ba, zai ga masu buga takardu da ɗinke kundin ɗaliban shekarar ƙarshe, da masu shayi da 'yan acaɓa, kuma zai ji Hausa da Yarbanci da Ibo da Tibi a layi guda. Masinjoji da direbobi da masu gadin jami'ar da yawa a nan suka gina gidaje, 'ya'yansu suka tsallaka titin suka yi digiri, wasu har suka zama malamai a cikinta. Wannan dogaro da juna yana da ɗaci idan al'amura suka tsaya. A yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakunan haya sun zama kango, masu abinci sun kife tukwane, mai shagon da ya ci bashi yana jiran dawowar ɗalibai ya rasa abin biya. Ina ganin ya dace hukumar jami'ar da ƙaramar hukumar Sabon Gari, wadda Samaru take ƙarƙashinta, su riƙa zama tare a kan ruwan sha da magudanai da tsaron unguwannin nan, tunda dubban ɗaliban da ake kira na jami'a a cikinsu suke kwana.